Rijiyar Masu Tuwo a Bakin Burtali

Shekarar da nake nufi, jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna, sai dai labarinsa. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya fitar da kai bai zuba ido ba, dawa kuwa ko maganarta ba a yi. Kafin a shiga bazara an share rumbuna da yawa har ƙasa. Ni a lokacin ina da sabon aure da jakai uku. Idan na samu dawa a hannun fataken kudu a Tsafe, in ɗora wa jakai in kai wa masu sayar da abinci a zangon Gusau. Idan babu dawar, sai in zauna a zangon, in riƙa saro musu itace daga dajin wajen Wanke.

Rumfunansu na zana ne, a jere suke suna kallon hanya. Ta farko ta Inna mai tuwo ce, wadda ta girme su duka, kuma ita suke kai wa ƙara idan sun saɓa. Kusa da ita akwai mai waina, mace mai saurin hannu da saurin baki. Can ƙarshe, a gindin tsamiya, wata Bafulatana take ajiye ƙwaryar furarta, kullum da hantsi take isowa daga ruga. Akwai wasu biyu ko uku, amma waɗannan ukun su ne na fi hulɗa da su.

Ni mutum ne mai son sanin dalilin abu. Ko a ajin da nake zuwa yanzu koyon rubutu, ni ne mai yawan tsayar da malami. To, a zangon nan akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Inna ta fi shekara talatin tana kaɗa miya, amma kusan kullum sai ta kira wani daga masu zama a inuwa ta ce, “Malam, zo ka ɗanɗana mini gishirin miyar ga, bakina ya mutu yau.” Kuma ba a ludayi take ba shi ba. Akushi take ɗaukowa, ta sa malmala biyu, ta zuba miya har ta rufe su. Mai waina ita ma takan ɗaga guda uku ko huɗu ta ce sun ƙone, ba su sayuwa, wa zai raba ta da su. Na sha leƙawa, ban taɓa ganin ƙuna a jikinsu ba. Bafulatana kuwa kullum tana zargin nononta da tsami, tana neman mai gaya mata gaskiya.

Na ɗanɗana miyar Inna ba sau ɗaya ba, gishirinta daidai. Na yi tunanin ko tsufa ne. Na yi tunanin ko wata dabara ce ta kiran kasuwa, don masu wucewa su ga ana ci. Na ma yi tunanin ko wani malami ne ya ba su laƙani. Babu wanda ya zauna mini a rai.

Cikin waɗanda Inna take kira akwai wani dattijo daga Kwatarkwashi. Sana'arsa haƙar rijiya, shi ya sa kowa yake ce masa Baba mai rijiya. Dogo ne, kafaɗunsa masu faɗi, amma rigar ta yi masa yawa. Ya zo Gusau da matarsa neman aiki, ya tarar babu mai haƙa rijiya a shekarar yunwa, domin al'ada ita ce mai rijiya shi ke ciyar da mai haƙa har a ga ruwa. Kullum yakan zo da daginsa, ya jingine shi a jikin tsamiya, ya zauna kamar mai jiran wanda ya yi masa alkawari. Bai taɓa miƙa hannu ba. Idan Inna ta kira shi, yakan ɗan jinkirta, sannan ya tashi kamar an katse masa wani aiki. Ya ci malmala ɗaya a natse, ya ce, “Ya ji, amma da an ƙara daddawa kaɗan.” Ɗayar kuma ya naɗe ta a ganye ya sa a aljihu.

Wata ranar kasuwa da azahar na sauke itace, na zauna cin nawa tuwon. Rumfar cike take da fatake. Inna ta kira Baba mai rijiya kamar kullum, ya zo ya zauna kusa da ni, ya wanke hannu. Ni kuma raina fari, na ga ga dama ta samu da zan ji amsar abin da ke damuna. Cikin dariya na ɗaga murya na ce, “Inna, ni dai ki fitar da ni daga duhu. Shekara nawa kina miya, har yau ba ki san gishirinki ba? Kullum sai Baba ya ɗanɗana? Kuma wane irin ɗanɗano ne da malmala biyu, har da ta aljihu?”

Na zaci za a yi dariya. Babu wanda ya yi. Wani falke da ke gabana ya sunkuyar da kai cikin akushinsa. Mai waina ta tsaya da juyi har ta ƙona guda biyu da gaske. Baba mai rijiya ya riga ya gutsuri loma, ya mayar da ita, ya sake wanke hannu, ya ɗauki faifai ya rufe akushin.

Ya ce, “Inna, gishiri ya ji. Allah shi ba da kasuwa.”

Ya ɗauki daginsa ya tafi, bai yi sauri ba.

Inna ta bari sai da mutane suka ragu. Tana kankare tukunya, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, “Ɗan jakai, wagga tambaya da wane jakin kunka yi shawararta? Baƙin ko mai gurguwar ƙafa?”

Na ce, “Inna, ni fa sani kawai nake so.”

“To ka sani. Mai bara shina zuwa da bakinshi, a ba shi, shi yi godiya, shi wuce. Akwai kuma wanda bai iya ba. Ya yi shekara hamsin shina ciyar da gida, yau ka ce mishi ungo sadaka a gaban fatake? Gara shi koma ɗaki shi kwanta. Mu nan tun kafin a haife ka munka yi magana tsakaninmu: kowace ta ware na irin waɗannan, kowace kuma ta nemo hanyar da za ta ba su. Kowa a zangon ga ya sani. Shi ma ya sani. Abin da ba a yi shi ne faɗi.”

Mai waina ta leƙo daga rumfarta ta ce, “Inna, tambaye shi, farkon zuwanshi da jaki ɗaya, wa ke cinye miki ƙanzo don a samu wanke tukunya?”

Sai a lokacin na tuna. Wata biyu cur na yi a shekarata ta farko Inna tana roƙona in taimake ta da ƙanzo, ƙanzon da kullum nake tarar da rabin malmala a manne da shi, har da miya a gefe. Ina ci ina jin ni ne nake yi mata alheri.

Washegari Baba mai rijiya bai zo ba. Jibi ma haka. Inna ta ce abin da ya fi damunta malmalar aljihun nan, domin ta matarsa ce, matar kuma ba ta da lafiya. A rana ta uku na ɗauki akushi na nemi zauren da aka ba su masauki a bayan marina. Na same shi a ƙofa yana murza igiya. Daga ciki ina hango tsohuwar a kwance a kan tabarma, da wata 'yar tukunya da aka dafa busasshen ganyen tafasa, ba ko ƙuli.

Ya amsa gaisuwata da kyau, har ya tambayi jakai. Da na tura akushin gabansa, ya ce, “Mun ci, ɗana. Kai wa mai bukata.”

Na ce, “Baba, ko don tsohuwa da ke ciki.”

Ya ce, “Ita ma ta ci.” Ya ci gaba da murza igiyarsa. Na zauna har na gaji da zama, na ɗauko akushin na dawo da shi yadda na kai shi.

Da la'asar matan suka taru a gindin tsamiya. Ni ba a kira ni ba, ba a kuma kore ni ba. Wata ta ce a aika wa matar ta hannun matan gidan. Inna ta ce an gwada jiya, ya sa an mayar. Can sai mai waina ta ce, “Ni dai na gaji da jiran ruwan gulbi. Kullum sai rana ta take kafin a kawo, shi ma rabi yashi. Ga mai haƙa zaune, ga mu da tukwane. In munka sa shi ya haƙa muna rijiya bayan rumfuna, ciyar da shi ya zama dole a kanmu, ba alfarma ba. Kuma inda ruwa yake nan fatake ke sauka, wainata ta ƙare da wuri.”

Bafulatana ta ce, “Ke ko alheri za ki yi sai kin soya shi da mai kin sayar.”

“To ke ki yi naki da tsami mana.”

Aka yi dariya, aka kuma tsaya a kan haka. Inna ta je wurin sarkin zango ya ba da izini. Ni aka aika kiran Baba mai rijiya, domin Inna ta ce bakin da ya kore shi shi zai dawo da shi. Na je na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ko kalma ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki dagi.

Ya zagaya bayan rumfunan sau biyu. Ya caka dagin nan, ya caka can, ya durƙusa ya murza ƙasar a tafin hannu. Matan suna tsaye suna jira, Inna har ta sa an ɗora tukunya. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

Ya ce, “Babu ruwa a nan. Gaba biyu za a yi a tarar da dutse shimfiɗe. In kuna so in yi kwana ashirin ina tonon ramin da na san ba komi cikinshi don a riƙa kawo mini tuwo, to ku nemi wani. Ban taɓa haƙa rijiyar ƙarya ba.”

Inna ta ce, “Mu ruwa muke so, Baba. Ina yake?”

Ya nuna da dagin can gabas, bayan gidan ƙarshe, inda burtalin shanu ya ratsa kusa da wani tsohon ɓaure. Tafiya ce mai ɗan nisa, ko kiran mutum ba a ji daga rumfuna.

Nan fa magana ta tashi. Mai waina ta ce ita ba za ta ciyar da mai haƙa don shanun wasu su sha ba, wane falke ne zai sayi waina a burtali. Wata ta ce ai tsakanin can da gulbi bambancin kaɗan ne. Ni ina kallon Baba mai rijiya. Ya jingina da daginsa, fuskarsa kamar ba a kansa ake magana ba. Na gane cewa idan suka ce a'a, komawa zai yi zauren nan ya zauna.

Inna ta bari kowa ta gama, sannan ta ce wa mai waina, “Ke kinka ce a haƙa rijiya. Ba ki ce a haƙa miki kasuwa ba, ko da yake mun ji ta a muryarki. Mutanen gidajen can su ma gulbi suke zuwa. A haƙa inda mai haƙa ya ce.”

Mai waina ta yi tsaki, ta ce ita ranar Talata da Juma'a kawai za ta ɗauki ciyar da shi. Ta ɗauka kuwa, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Da sassafe aka fara. Ni ne mai jan kwandon ƙasa, baƙin jakina shi ke kawo abinci da ruwan sha daga rumfuna. Ranar farko an kawo kunu tun kafin Baba mai rijiya ya sa dagi, ya ƙi taɓawa. Sai da ramin ya kai masa gwiwa ya fito, ya zauna a fili inda kowa ke gani, ya shanye, ya ce wa mai kawowa gobe a ƙara tsamiya. Da rana tuwo ya zo. Ya raba biyu a gabanmu, ya miƙo mini rabin ya ce, “Kai wa iyalina. Ka ce mata an fara.” Ba a ganye ba, a cikin akushi, a kan jakina, ta tsakiyar kasuwa.

Kwanakin farko aikin bai yi sauri ba, domin ba shi da ƙarfi. Yakan sara kaɗan ya jingina da bango. Ni kuma ina daga sama ina ta tambaya, tunda yanzu babu mai hana ni. Me ya sa ɓaure? Ya ce ɓaure ba ya zama inda zai sha wuya. Me ya sa yake bin gidan gara da ido? Ya ce gara da laka take gini ko a tsakiyar rani, a wani wuri take samo ta. Na ga yana manna kumatunsa a jikin ramin da safe, na tambaya, ya ce ƙasa mai ruwa a ƙarƙashi sanyinta daban. Wata rana na tambaye shi ko ya taɓa kuskure. Muryarsa ta taso daga ƙasa: “Sau biyu. Ja kwando.”

Muka wuce jar ƙasa, muka shiga marmara, wadda ta ci mana kwana shida. Makiyaya masu wucewa suka fara tsayawa suna leƙawa. Wasu samarinsu suka kama mini igiya ba wanda ya roƙe su, Bafulatana kuma ta riƙa zuwa da furarta nan kai tsaye. Mutanen gidajen kusa suka kawo itacen da za a ɗaure baki. A mako na uku na lura wuyan Baba mai rijiya ya fara cikowa, matarsa kuma ta iya takowa da sanda ta zauna a gindin ɓauren tana kallo.

Ran nan da hantsi kwandon ya zo mini da nauyin da ban saba ji ba. Na duba, yashi ne jiƙaƙƙe. Kafin azahar ruwa ya kai wa Baba mai rijiya idon sawu. Aka aika rumfuna, matan suka bar tukwane suka zo. Da ruwan ya kwanta aka ɗebo a ƙwarya aka miƙa wa Inna. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta miƙa wa mai waina. Ita ma ta kurɓa, ta tofar.

Ta ce, “Kanwa. Wanga ruwa in ka tuƙa tuwo da shi sai ya fito kamar an rina. Kwana ashirin da wani abu ina soya wa shanu waina.”

Baba mai rijiya yana zaune a bakin ramin, laka har ƙirji. Ya ce, “Ruwa kunka ce. Ba ku ce mai daɗi ba.”

Bafulatana ta yi dariya har ta riƙe ciki, domin babu abin da shanu ke so kamar ruwa mai kanwa. Haka kuwa aka yi. Masu tuwo ba su taɓa girki da ruwan rijiyar nan ba, suka ci gaba da jiran na gulbi. Amma makiyaya da jakan fatake da masu wanki na unguwar sun sha moriyarta, kuma sunan da ya bi ta shi ne rijiyar masu tuwo.

Bayan an ɗaure baki da 'yan kwanaki aka yi ruwan fari. Baba mai rijiya ya ce zai koma gida ya yi shuka. Kwatarkwashi a kan hanyata ta Tsafe take, sai na ɗora tsohuwar a kan baƙin jaki, shi kuma ya ƙi hawa, ya saɓa daginsa. Inna ta ɗaura musu gumba a tsumma da ɗan irin gero, ta ce sallamar mai haƙa ce, haka ake yi. Duk hanya ina shirya yadda zan roƙe shi gafara. Na buɗe baki sau uku, kowane lokaci sai ya nuna mini wani abu, ko wata rijiya da ya haƙa, ko gonar wani da ya sani.

Mun isa da la'asar, duwatsun garin sun yi duhu da laimar ruwan jiya. Gidansa a gindin dutse yake, dangar ta faɗi ta gefe ɗaya, rumbun a buɗe ba komai. Na sauke tsohuwar, na juya jakai zan wuce.

Ya ce, “Ina za ka? Baƙo ba ya barin gidana da bushewar baki. Shigo zaure.”

Ya share wuri da hannunsa ya shimfiɗa mini buzu. Jim kaɗan ya fito da ƙwarya, an dama gumbar da ruwa, da ludayi ɗaya a ciki. Na duba yawanta, na san fiye da rabin abin da Inna ta ɗaura musu ne, kuma na ga rumbun da idona. Kalmar na ƙoshi ta zo mini har leɓe.

Ya zauna a gabana, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana jira.

Na yi bisimilla na sha. Duk lokacin da na sassauta sai ya ce, “Ƙara mana, hanya da nisa.” Ban ajiye ludayin ba sai da na ga gindin ƙwaryar. Ya karɓe ta, ya leƙa ciki, ya gyaɗa kai, sannan ya raka ni har bakin hanya.